Daga Bargar Doki zuwa Gidan Manomi: Tarihin Masaukin Matafiyi a Karkarar Faransa

Da yammacin 21 ga Yuni 1791 wata ƙatuwar karusa ta tsaya a garin Sainte-Menehould da ke gabashin Faransa don a sauya mata dawakai. Mutanen cikinta sun yi shigar ɓad-da-kama, mijin kamar baran gida, matar kamar mai reno. Shugaban tashar dawakan, Jean-Baptiste Drouet, ya ƙyalla ido ya ga fuskar da ba ta yi masa kama da ta bara ba. Bayan sun wuce ya ɗaura sirdi, ya yanke ta daji, ya cim musu cikin dare a Varennes suna laluben inda aka ajiye musu sababbin dawakai. Ya tashi mutanen gari aka toshe gada. A nan gudun Sarki Louis na 16 da matarsa Marie-Antoinette ya ƙare. Aka mayar da su Paris, kuma a watan Janairun 1793 aka fille wa sarkin kai.

A wancan zamani ko sarki bai isa ya wuce inda doki ya gaji ba. Tun ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Louis na 11, gwamnati ta fara kafa tashoshin sauya dawakai a manyan hanyoyi don wasiƙun fada su riƙa sauri. A hankali aka buɗe su ga duk mai kuɗin biya. Tsakanin tasha da tasha bai cika wuce kilomita 15 zuwa 20 ba, wato iyakar abin da doki zai ja karusa da gudu bai sare ba. Shugaban tasha yawanci babban manomi ne mai barga da rumbunan harawa, an ɗauke masa wani ɓangare na haraji, shi kuma wajibinsa ne a sami doki a shirye dare da rana. Yaransa ke raka karusa zuwa tasha ta gaba, su dawo da dawakan a hankali. Inda duk aka kafa tasha sai masauki ya tsiro kusa da ita, da maƙera, da mai gyaran ƙafar karusa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 irin waɗannan tashoshi sun kai wajen 2,000.

Tambayar da ke ɗaure wa masu yawon hutu kai a yau, ko a kama masauki ɗaya a riƙa fita ana dawowa, ko a riƙa sauya wurin kwana ana cin gaba, ba ta taso wa matafiyin wancan lokaci ba. Kamar yadda madugu ke yanke zango gwargwadon nisan rijiya da ƙarfin jakuna, haka tashoshin nan suka yanka wa kowa tafiyarsa. Ko bayan gyaran da minista Turgot ya yi wa sufuri a 1775, daga Paris zuwa Lyon kwana biyar ne, kowane dare a gado daban. Kuma gadajen ba abin yabo ba ne. Marubuci Tobias Smollett na Birtaniya, wanda littafin tafiyarsa ya fito a 1766, da Arthur Young, masanin noma da ya zaga ƙasar tsakanin 1787 da 1789, duk sun cika shafuka da kukan ƙazantar masaukai. Mai masauki ya san baƙon yau ba zai sake ganinsa ba, kuma ya san babu wani gida sai an ƙara tafiyar awa biyu. Me zai sa ya wanke zanen gado?

Jirgin ƙasa ya zo ya share wannan duniyar cikin ƙasa da shekara arba'in. A shekarun 1850 layin dogo ya haɗa Paris da Lyon da Marseille, tafiyar mako ta koma ta yini. A 1873 aka rufe tsarin tashoshin dawakai a hukumance. Masaukan bakin hanya suka koma bargogi da ɗakunan ajiyar hatsi, ciyawa ta fara cin titi. Masu hannu da shuni kuwa suka sami sabuwar al'ada: a hau jirgi da akwatuna da barori a sauka a Vichy ko Biarritz ko Nice, a kama babban otal ko gidan haya na wata guda. Wannan shi ne zaman wuri ɗaya na farko, amma mai yinsa bai san karkara ba. Ta tagar jirgi yake hango ta tana wucewa.

Abin da ya dawo da mutane kan titi, kafin mota, keke ne. A 1890 wasu masu sha'awar hawan keke suka kafa ƙungiyar Touring Club de France, kuma da suka fantsama ƙauyuka sai suka tarar da ragowar masaukan nan yadda aka bar su: labule masu nauyi da suka sha ƙura, takardar ado a bango ta zama gidan kuɗin cizo, ban-ɗaki sai dai a zaga bayan barga. Ƙungiyar ba ta tsaya ga ƙorafi ba. Wajen 1900 ta fito da samfurin ɗakin da take so: bango mai farin fenti da za a iya wankewa, gadon ƙarfe, babban taga, babu tarkace. Mai masaukin da ya gyara ɗakinsa haka ana ba shi allon ƙungiya ya kafa a ƙofa, sunansa ya shiga littafin 'yan ƙungiya. Karon farko ke nan da mai masaukin ƙauye ya fara jin tsoron bakin baƙon da ya riga ya tafi.

Sai ga 'yan'uwa biyu daga Clermont-Ferrand, André da Édouard Michelin, masu sana'ar taya. A 1895 sun shiga tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa da motar da suka sa wa tayar iska, suka sha faci a hanya har ba adadi, amma suka nuna abin zai yiwu. Matsalarsu ita ce kasuwa. A 1900 motocin Faransa duka ba su kai 3,000 ba, kuma masu su ba sa nisa da gida, don ba wanda ya san inda zai sami fetur ko makanike idan ya bar birni. Taya kuwa ba ta cinyewa a gareji. A shekarar suka buga ɗan jan littafi, kwafi wajen 35,000, suka raba kyauta. A ciki akwai yadda ake cire taya a yi faci, da jerin garuruwa, da wanda ke sayar da fetur a kowanne (a gwangwani ake saye, sau da yawa a kantin kayan masarufi), da inda za a kwana.

Ba su tsaya nan ba. A 1908 suka buɗe ofis a Paris inda mai mota zai rubuto ya ce daga nan zuwa can zai je, a tsara masa hanya kyauta, gari bayan gari. A 1910 suka fara buga taswirar hanya mai naɗewa wadda za a iya buɗewa a cikin mota. A 1912 suka tara sa hannun jama'a suna neman gwamnati ta sa wa hanyoyi lamba a rubuta a duwatsun gefen titi, kuma aka yi. Daga 1920 littafin ya daina zama kyauta, aka sa masa faran 7. A 1926 aka fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 aka ƙara biyu da uku. Ma'anar da aka ba taurarin ta tona asirin manufar gaba ɗaya: mai biyu ya cancanci a ratse hanya dominsa, mai uku ya cancanci a ɗauri tafiya musamman. Da kilomita ake auna daɗin girki, domin mai aunawar taya yake sayarwa. Wannan ba ya rage darajar aikin, don littafin ya yi gaskiya ga mai karatunsa, amma yana da kyau matafiyi ya san cewa hoton hutu da ke kansa, na tashi kullum a ƙara gaba, akwai wanda ya zana shi da niyya.

Ingancin taswirorin nan ya wuce harkar hutu. A 1944, da sojojin ƙawance za su sauka a Normandy, an sake buga littafin 1939 a Amurka aka raba wa hafsoshi saboda taswirorin garuruwan da ke ciki. Taswirar kamfanin mai lamba 153, ta Arewa da Yammacin Afirka, ita ce Turawan da ke ratso Sahara da mota suka riƙa bi shekara da shekaru, daga Tamanrasset zuwa Agadas da Damagaram har Kano, tana nuna musu inda rijiya take.

Manyan masu girkin Faransa na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu sun jeru ne a kan hanyar kudu kamar an dasa su. Alexandre Dumaine yana Saulieu, wajen kilomita 250 daga Paris, daidai inda motar zamanin za ta kai da yunwa. Eugénie Brazier tana Lyon. Fernand Point yana Vienne, ƙasa da Lyon kaɗan. André Pic ya bar masaukin iyayensa da ke kan tudu a 1936 ya sauko Valence, bakin babbar hanya mai lamba 7, saboda ya ga inda motoci ke bi. Hanyar nan ta tashi daga Paris ta ƙare a Menton, kan iyakar Italiya, kilomita 996. Attajirin da ya nufi bakin teku yakan raba ta gida uku ko huɗu, kowane zango da teburinsa. Tsohon tsarin tashar doki ya dawo ke nan, sai dai yanzu tumbin mai mota da tankinta ke yanke zangon.

Talaka ya shigo labarin a 1936. A watan Yunin shekarar gwamnatin Léon Blum ta yi dokar ba kowane ma'aikaci hutun mako biyu da albashinsa, ƙaramin minista Léo Lagrange ya samo musu rangwamen kashi 40 cikin ɗari a tikitin jirgin ƙasa. Fiye da mutum rabin miliyan suka yi amfani da tikitin a bazarar farko. Mafi yawansu ba otal suka nufa ba. Gida suka koma, ƙauyen da iyayensu suka baro, ko suka kafa tanti a bakin kogi. Hutun ya zama mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. Ƙananan motoci kuma suka iso: Renault 4CV a 1947, Citroën 2CV a 1948. A 1960 gida uku cikin goma ke da mota, zuwa 1970 an haura rabi.

Hanya ta 7 ta cika ta batse. Charles Trenet ya yi mata waƙa a 1955. A garuruwa irin su Lapalisse, inda titin ya matse a tsakiyar gari, motoci kan yi awoyi suna jan ciki, injuna na tafasa, masu shaguna na ciniki. Masu ƙananan otal-otal na iyali suka haɗa kai a 1949 ƙarƙashin Logis de France, shirin da ya faro daga yankin Auvergne, don su sami bashin gyara ɗakuna da shigar da ruwan famfo. Alamarsu murhu ne, ana kafa ta a ƙofa. A can sama kuma, a 1954, Marcel da Nelly Tilloy, masu wani masauki a Baix da ke bakin kogin Rhône, suka haɗa gidaje takwas tsakanin Paris da bakin tekun kudu suna miƙa wa juna baƙi, kowane ya tura na gaba. Wannan haɗakar ce ta girma ta zama Relais & Châteaux.

Duk waɗannan 'ya'yan hanya ne, rayuwarsu ta rataya ga mai wucewa. Ɗaya al'adar, ta kama gida guda a zauna, daga wani wuri daban ta fito, kuma tushenta baƙin ciki ne.

Ƙauyukan Faransa sun fi shekara ɗari suna zubar da mutane. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kashe sojojin ƙasar wajen miliyan 1.4, kaso mai yawa 'ya'yan manoma, kuma har yau kusan kowane ƙauye yana da dutsen da aka jera sunayensu, wani lokaci suna ɗaya sau uku ko huɗu daga gida guda. Ƙidayar 1931 ta nuna mazauna birni sun fi na karkara yawa a karon farko. Bayan yaƙi na biyu tarakta ta shigo, gonar da ke cin hannu goma ta koma ta mutum biyu, samari suka bi masana'antu. A yankunan duwatsu na kudu abin ya fi muni. Akwai unguwannin da suka zama kufai ɗungurum, rufin gidaje ya rufta, ɓaure ya tsiro a tsakar ɗaki.

Ɗaya daga irin waɗannan yankuna ita ce Basses-Alpes, wadda tun 1970 ake kira Alpes-de-Haute-Provence. Sanatanta, Émile Aubert, ya dubi abubuwa biyu da kowa ke gani amma ba wanda ya haɗa: ga ma'aikacin birni da hutu da iyali amma kuɗin otal ya fi ƙarfinsa, ga manomi da gidan kakansa a rufe yana rubewa. A 1951 aka gyara wani tsohon gini a unguwar Chaudol, cikin gundumar La Javie kusa da Digne, aka ba da shi haya ga masu hutu. Gwamnati da bankin manoma suka shigo da tallafi da bashi mai sauƙi, bisa sharaɗin mai gida ya ci gaba da bayar da hayar na wasu shekaru. A 1955 aka kafa tarayyar Gîtes de France, littafinta na farko ɗauke da gidaje 146. A yau ana lissafa su da dubun dubbai, kuma maimakon tauraro da zangarniyar alkama ake auna darajarsu, daga ɗaya zuwa biyar.

Cikin duk abubuwan da aka ƙirƙiro a wannan tarihi, wannan ne ya fi cancantar yabo. Otal na bakin hanya yana karɓar kuɗin dare ɗaya, da safe baƙo ya kama gabansa bai san sunan garin ba. Gidan hayar ƙauye kuwa ba ya ba da abinci. Ɗakin girki yake bayarwa, da tukwane. Dole baƙo ya nemi mai burodi da safe, ya je kasuwa, ya sayi ƙwai da madara a wurin maƙwabta, ya sha mai a garejin gari. Kuɗinsa yana rarrabuwa hannu da yawa. A gidaje da dama matar manomi ce ke riƙe da harkar, ita ke karɓar baƙi da amsa wasiƙu da riƙe lissafi, a lokacin da doka ba ta ma ɗauke ta a matsayin mai sana'a a gonar mijinta ba. Rufin da ya kusa faɗuwa ya sami mai gyara shi. Ita ma motar aikinta ya sauya: maimakon ta ɗauki iyali da kayansu kullum zuwa gaba, sai ta fita da safe babu kaya ta dawo da yamma.

Tsarin ya zo da ƙa'idarsa mai tsauri, wadda har yanzu ke aiki a watannin Yuli da Agusta: haya mako guda ce, daga Asabar zuwa Asabar. Mai fita ya bar gida da hantsi, wajen ƙarfe goma, mai shiga ya iso bayan ƙarfe huɗu, tsakani a yi shara a sauya zannuwa. Da yake gidajen bakin teku da sansanonin tanti ma haka suke yi, sai ƙasa guda ta riƙa hawa titi rana ɗaya. Ranar Asabar 2 ga Agusta 1975 tsawon cunkoson motoci a faɗin ƙasar ya kai kilomita 600, mafi muni a hanyar Sifaniya. Shekara mai zuwa gwamnati ta ƙirƙiro Bison Futé, shirin da ke hasashen cunkoso yana ba ranaku launi, daga kore zuwa ja da baƙi. Asabar ɗin da masu hutun Yuli ke komowa na Agusta ke fita ita ce ta fi shan baƙin launi.

A daidai wannan lokaci 'ya'yan hanya suka sake gamuwa da abin da ya sami kakanninsu. A 1970 aka kammala babbar hanya mai kuɗin shiga daga Lille ta Paris zuwa Marseille. Tafiyar kwana uku ta koma ta yini ɗaya, kuma sabon titin ba ya ratsa gari. Gidajen mai da garejoji da otal-otal na hanya ta 7 suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har yau ana ganin tallarsu da fenti ya koɗe a bangaye. Mai buƙatar kwana a hanya ya koma otal-otal na kamfani da ke bakin mahaɗa, Novotel tun 1967, Ibis tun 1974, ɗaki iri ɗaya ko ina. Mutanen Lapalisse, da aka yi musu hanyar kewaye a 2006, sai kewar hayaniyar ta kama su. Duk bayan shekara biyu sukan tara tsofaffin motoci su toshe garin da gangan, a yi biki.

Baƙin waje sun taka rawa wajen girman gidajen ƙauye, musamman Ingilishi, kuma manoma ne suka yi musu gada. A farkon shekarun 1970 manoman Brittany ƙarƙashin Alexis Gourvennec suka so kai kayan lambunsu kasuwar Ingila, kamfanonin jiragen ruwa suka ƙi zuwa tasharsu ta Roscoff. Sai suka kafa nasu. Jirgin farko ya tashi zuwa Plymouth a Janairun 1973 ɗauke da manyan motocin kayan gona. Ba a jima ba suka gane cewa iyalai masu mota da ke son tsallakowa sun fi kabeji riba, kamfanin Brittany Ferries ya shiga sayar da tikiti haɗe da hayar gidan ƙauye. Yankin Dordogne ya cika da motoci masu sitiyari a dama. Italiya ma ta ɗauki darasi: ƙungiyar Agriturist ta kafu a 1965, kuma a 1985 aka yi dokar saukar baƙi a gona, da sharaɗin noma ya ci gaba da zama babbar sana'ar gidan.

Tsakanin al'adun biyu an sami ta tsakiya. Daga 1969 tarayyar gidajen ƙauye ta fara rajistar ɗakunan baƙi a cikin gidan da mai shi ke zaune, ana biya dare-dare, da karin kumallo, wani lokaci har a ci abincin dare tebur ɗaya da masu gida. Doka ta ƙayyade kada su wuce ɗaki biyar da baƙi goma sha biyar. Zuwan intanet kuma ya sassauta ƙa'idar Asabar, a wajen lokacin cunkoso ana samun gida na kwana uku ko huɗu.

To wanne ya fi? Shimfiɗar ƙasa ke fara ba da amsa. Wanda ya sauka kusa da Sarlat a Dordogne yana da abin kallon mako guda cikin da'irar kilomita 30: ganuwar Beynac a kan dutse, garin Domme, La Roque-Gageac a bakin kogi, Les Eyzies, da kogon Lascaux kusa da Montignac, wanda yara suka gano a 1940 da zanen dabbobi na dubban shekaru, aka rufe shi a 1963 saboda numfashin masu kallo na lalata zanen, yanzu kwafinsa ake shiga. Sauya masauki a irin wannan wuri ɓata lokaci ne kawai. Haka yankin Luberon a Provence, inda kasuwa ke zagayawa: Talata a Gordes, Juma'a a Lourmarin, Asabar a Apt, Lahadi a L'Isle-sur-la-Sorgue. Mai kwana ɗaya sai abin da ya tarar. Mai mako guda zai ci su duka. Yawancin ƙauyukan da ke cikin ƙungiyar Les Plus Beaux Villages de France, wadda magajin garin Collonges-la-Rouge, Charles Ceyrac, ya kafa a 1982, ƙanana ne da mutanensu ba su wuce 2,000 ba, kuma da tsakar rana motocin 'yan kallo ke cika su. Wanda ya kwana kusa ne ke samunsu da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da masu garin suka fito.

Akwai kuma hanyoyin da don a bi su aka yi su. Babbar hanyar tsaunukan Alps, wadda Touring Club ta fara fafutukarta kafin yaƙin farko aka kammala a 1937 da buɗe mashigar Iseran mai tsayin sama da mita 2,700, ta tashi daga Thonon a bakin tafkin Geneva ta gangara har teku, wajen kilomita 700 na kwana-kwana, dusar ƙanƙara na rufe manyan mashigunta fiye da rabin shekara. Ba wanda zai yi ta daga gida ɗaya. Hanyar Napoléon, da aka ƙaddamar a 1932 daga Golfe-Juan zuwa Grenoble, ita ma haka take. A nan ƙaramin otal na iyali da ɗakin baƙi na dare guda ke da amfani, kuma abin farin ciki ne cewa wasunsu sun tsira.

Kuskuren da baƙo daga nesa ya fi yi shi ne ya ɗauki yankin zama ya yi masa tafiyar wucewa. Ya kashe kuɗin biza da jirgi, yana ganin wataƙila ba zai sake zuwa ba, sai ya so ya haɗa Normandy da Loire da Dordogne da Provence cikin kwana goma. Taswira tana ruɗi. Tun Yulin 2018 iyakar gudu a yawancin titunan karkara masu hannu biyu kilomita 80 ce, ko da yake wasu yankuna sun mayar da 90 a wasu hanyoyi, a cikin gari kuma 50 ko 30, ga shataletale a kowace mahaɗa, ga tarakta a gaba. Kilomita 150 na iya cinye awa uku. Ƙara da ɗaure kaya, da jiran ƙarfe huɗu kafin a ba da makulli, da shagunan ƙauye da ke rufewa da tsakar rana da yammacin Lahadi, sai a ga kowace ƙaura ta tafi da mafi kyawun yini. Akasin haka ma yana faruwa: wanda ya maƙale a Sarlat ya ce zai riƙa zuwa Bordeaux yana dawowa zai shafe fiye da awa huɗu a mota don yini ɗaya.

Ga matafiyi Musulmi akwai ƙarin dalili. Girkin karkarar Faransa ya dogara ƙwarai ga naman alade da kitsensa da giya a miya, kuma a ƙaramin gari gidan abinci ɗaya ne, da awoyinsa ƙayyadaddu. Mai ɗakin girki yana iya sayen naman halal a babban gari mafi kusa ya sa a firij, ya ɗauko kifi da kayan lambu da cuku a kasuwa, ya yi sallarsa a natse, yara su yi barci a gado ɗaya mako guda.

Saboda haka mai kwana goma sha huɗu ya zaɓi yanki biyu, ya kama gida a kowanne na mako guda, ya sa dare ɗaya a otal na iyali a tsakani idan nisan ya wuce awa biyar. Mai mako ɗaya ya tsaya a yanki ɗaya, sai in tsaunuka ya nufa. Gidan ya kasance kusa da garin da ke da mai burodi da kasuwar mako, abubuwan da ake son gani kada su wuce tafiyar awa guda. Idan tafiyar ta faɗo a Yuli ko Agusta, a kama gidan tun watanni kafin lokaci, kuma a duba launin da Bison Futé ya ba Asabar ɗin kafin a sayi tikitin jirgi.